Jif ɗin bulon roba tana ƙas-ƙas, ana kuma so a sa mata moto: daga ina za a fara?

Abban Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga wata jif ta wasa ta bulon roba irin na LEGO Technic, daga gwanjo ta fito a warwatse, an haɗa ta. Tsawonta ya ɗan wuce santimita 40, tana da giya huɗu, difarensha uku, da injin ado mai fistin shida. Idan aka tura ta a ƙasa sai ta yi taku biyu lafiya, sannan a ji ƙas! daga ciki, fistin su tsaya su sake zabura. A giya ta ɗaya abin ya fi muni. Me ke kawo wannan ƙarar? Sannan idan ana so a sa mata moto da rimot, wanne ne zai iya da nauyinta?

Dogo Fagge: Wa alaikumus salam. Sa mata babban moton nan XL guda biyu kawai, Malam. Duk wani ƙas-ƙas zai bi hanya.

Injiniya Sharaɗa: Wa alaikumus salam. Dogo, XL biyu a kan giyabos ɗin da yake tsallake haƙori da turin hannu kawai? Ai ba ƙarar ce za ta bi hanya ba, haƙoran ne za su bi tsintsiya.

Abban Sadiq, a ajiye maganar moto tukuna. Wannan ƙarar na nufin akwai wurin da ya yi tauri, sandunan suna murɗewa suna tara ƙarfi kamar sifirin, har sai wata giya ta ture 'yar uwarta ta tsallake haƙori ɗaya. Dalilin da ya sa giya ta ɗaya ta fi muni kuwa: a irin waɗannan motocin na ajiya, taya ce take juya inji, ba inji ne yake juya taya ba. A giya ta ɗaya, juyi ɗaya na taya sai ya zama juyi da yawa a wurin fistin, don haka ɗan taurin da ke can kusa da inji sai ya ninku kafin ya iso taya.

Fara da kuros, wato mahaɗin da ke barin sanda ta juya a lanƙwashe. Idan akwai kuros biyu a kan farfela ɗaya (sandar da ke kai juyi zuwa tayoyi), to kunnuwansu biyu da ke kan sandar tsakiya dole su kalli waje ɗaya, kamar mutum da hotonsa a madubi. Sandar tana da fuska huɗu, saboda haka da sauƙi a zura ɗaya a karkace da kwata ba a lura ba. Kuros ɗin da yake aiki a lanƙwashe ba ya juyawa da gudu ɗaya: sau biyu yake sauri, sau biyu yake jinkiri a kowane zagaye. Na biyun shi ne yake goge wannan. Idan aka sa shi a karkace, maimakon ya goge sai ya ƙara.

Na Ƙofar Ruwa: Wannan haka yake ko a babbar mota. Yaro ya kwance farfela bai yi alama da alli ba, ya mayar yadda ya ga dama, mota ta hau titi tana karkarwa, a yi ta zargin taya. Abu ɗaya ne, girma ne kawai ya bambanta.

Injiniya Sharaɗa: Madalla, Oga. Bayan kuros sai bushin, ɗan zoben da ke tare sanda kada ta zame. Yawancin masu haɗi suna danna bushin da giya har su manne da bim, wato dogon bulon nan mai jerin ramuka. A bar tazara kamar kaurin takarda a kowane gefe. Kowace sanda, tun kafin a ɗora mata wata giya, a murza ta da yatsa biyu. In ba ta ci gaba da juyawa kaɗan da kanta ba bayan an saki, akwai matsala a nan, kada a wuce gaba.

Sai fin, 'yan turakun da ke haɗa bim da bim. Baƙin fin da dogon shuɗi masu riƙo ne, an yi musu 'yan ƙusoshi a jiki don su kama. Mai ruwan toka da mai ruwan ƙasa-ƙasa mai haske su ne masu santsi. Duk inda abu zai juya, ko giyar da ke zaune a kan fin, mai santsi ake sawa. Kayan gwanjo kuwa sau da yawa ba su cika ba, wanda ya haɗa sai ya ɗauki shuɗi ya maye gurbin mai ruwan ƙasa tunda siffarsu ɗaya. Fin ɗaya tak irin wannan ya isa ya riƙe giyabos gaba ɗaya.

Malama Hauwa'u: Sannunku da ƙoƙari. Akwai gwajin da ya fi sauri: a cire giya ɗaya a tsakiyar layin, a raba motar gida biyu. A tura. In ƙarar ta tafi, laifin yana ɓangaren inji. In tana nan, yana ɓangaren taya. A sake raba ɓangaren mai laifin biyu. Sau uku ko huɗu an kama shi, ba sai an wargaza duk motar ba.

Kuma tunda difarensha (akwatin giyar da ke raba juyi tsakanin tayoyi) uku ne, a duba fuskar na gaba da na baya. In aka juya ɗaya, tayoyin gaba da na baya za su riƙa aika juyi masu karo da juna. A motar da ba ta da difarenshan tsakiya sai ta ƙi tafiya ƙememe, amma a mai shi sai ta yi ta tafiya lafiya lau fistin kuwa ko motsi. Motarka kuwa fistin ɗinta suna motsi, don haka ba wannan ba ne, na faɗa ne saboda masu karatu.

Abban Sadiq: Allah ya saka da alheri. An duba, kuros na baya a karkace yake kam. An gyara, ƙarar ta ragu sosai amma ba ta ɗauke duka ba. Har yanzu a giya ta ɗaya tana yi jefi-jefi.

Injiniya Sharaɗa: To saura ɗauri. Giya biyu in suna cizon juna, ture juna suke yi. In sandar tana da madogara a gefe ɗaya kawai, sai ta ɗan lanƙwashe, rabin milimita ma ya isa haƙori ya zame. Kowace giyar da take ɗaukar nauyi tana son bim gaba da baya, kusa da ita, sannan bim ɗin biyu a ɗaure su da wani a tsaye don kada su buɗe. Wannan firem ɗin mai rami 5 da 7 don haka aka yi shi, difarensha yana zama a cikinsa daram tare da giyar da ke juya shi, babu inda za su gudu.

Ga ƙa'idar tazara ga mai son sauya giya. Daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 8 ne. Haɗa haƙoran giya biyun ka raba da 16, abin da ya fito shi ne tazarar ramukan. Mai 8 da mai 24 sun ba da 32, tazara biyu ke nan. Mai 12 da mai 20, biyu. Mai 16 da mai 16, biyu. Mai 8 da mai 40, uku; mai 12 da mai 36, uku; mai 24 da mai 40, huɗu. Amfanin wannan shi ne ramuka biyun nan guda za su karɓi 16 da 16, ko 12 da 20, ko 8 da 24, wato kana iya sauya ƙarfin mota sau uku ba ka taɓa shasi ba. In lissafin bai fito cif ba, kamar 16 da 24, to ba za su zauna a miƙaƙƙen bim ba, sai da dabara.

Dogo Fagge: Duk wannan dogon lissafi ne. A ɗiga sufa gulu a mahaɗan shasin, a shafa ɗan giris a giya, magana ta ƙare.

Na Ƙofar Ruwa: Haba Dogo. Giris na mota da baƙin mai da basilin duk daga man fetur suke, robar nan kuwa ba ta shiri da su, a hankali take yin rauni ta tsage. In dole sai an sa mai, na silikon ne, ɗigo ɗaya a bakin tsinken sakace, a kan sanda inda take shiga rami. Ni ma dai a garin nan ban ga hikimarsa ba sosai. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga har cikin kabad ɗin da yake rufe. Mai da ƙura in suka haɗu sun zama sanfefa, sai ka ga farin gari a bakin rami, sandar ta sirance.

Malama Hauwa'u: Gulu kuwa bai gyara komai ba, ya dai hana a sake gyarawa. Yana barin farin tabo a jikin roba, kuma ranar da giya ɗaya ta karye a ciki sai dai a fasa. Abin da ake nema daga gulu, kusurwa uku tana ba da shi kyauta. Lissafin 3, 4, 5 na aji biyu na sakandare: tazara uku a kwance, huɗu a tsaye, biyar a gicciye. Abin lura shi ne tazara ake ƙirgawa ba ramuka ba, don haka fin a rami na 1 da na 4, na 1 da na 5, sai na gicciyen a rami na 1 da na 6. Shasin da aka ɗaure haka, kama shi da hannu biyu ka murɗa ka ji.

Dogo Fagge: Malama, na ji na gulu. Amma na XL ban sauka ba. Mota mai nauyi ƙarfi take so, XL kuma ya fi kowa ƙarfi. Ina kuskuren?

Injiniya Sharaɗa: Ba a ce ba shi da ƙarfi ba, tambayar ita ce ta ina ƙarfin zai bi. A volt 9 ba tare da kaya ba, ƙaramin moto M yana yin juyi wajen 400 a minti, matsakaici L wajen 390, babba XL wajen 220. Ƙarfin juyin XL ya ninka na L sau biyu da ɗoriya, L kuma ya fi M nesa. To duk wannan ƙarfin na XL daga bakinsa yake fitowa, ya bi ta sanda, ya bi ta kuros, ya bi ta giya mai haƙori 8 in akwai, ya isa ƙananan giyoyin nan sirara masu haƙori 12 da ke cikin difarensha. Taya ta maƙale a gefen kafet, moton bai tsaya ba, to wani abu ne zai karye a madadinsa: ko kuros ya tsage a kunne, ko sanda ta murɗe kamar alawar dinya.

Shi ya sa ake cewa sanda ta yi gudu, a rage gudun a kusa da taya. Moto mai sauri, farfela mai sauri marar nauyi a kanta, sannan a ninka ƙarfin a matakin ƙarshe. Kamfanin LEGO da kansa haka ya yi: Unimog ɗin 2011 mai lamba 8110 yana da giyar ragi a gindin kowace taya, sannan a 2019 suka fito da wani gindin taya mai giyoyi a ciki, a mota mai lamba 42099, wanda yake rage gudu fiye da sau biyar a nan bakin taya.

Ga wannan jif ɗin, L guda biyu a kan sanda ɗaya sun wadatar. Kuma shawarar da mutane ba sa son ji: a cire giyabos daga hanyar wuta gaba ɗaya. Ba a yi shi don ɗaukar ƙarfin moto ba, an yi shi ne don a gani a yi sha'awa. Kowace giya biyu da wuta ta bi ta kansu tana cin wani kaso, a cikinsa kuwa akwai matakai barkatai. Moto ya tafi kai tsaye zuwa farfela. Injin ado a ba shi reshe daban daga sandar moto, fistin su ci gaba da rawarsu.

Abban Sadiq: Ranka ya daɗe, in an cire giyabos, wace giya za a sa tsakanin moto da farfela? Kuma gudun nawa za a samu?

Injiniya Sharaɗa: Mu lissafa. Mai 12 a kan moto, mai 20 a kan farfela. Difarensha mai haƙori 28 wanda mai 20 ke juyawa. Na farko ya rage sau 1.67, na biyu sau 1.4, a haɗe sau 2.33. Raba 390 da 2.33, taya tana juyi wajen 167 a minti. Tayar irin wannan jif tsayinta wajen santimita 8 ne, zagayenta santimita 25 da ɗan kai. Wato mita 42 a minti, kilomita biyu da rabi a awa, da kaya a kai kuma zai sauka ƙasa da haka. A kan tayil ɗin falo wannan ya yi daidai. In a tsakar gida ne, ko ana so ta hau dandamali, a mayar da 8 da 24 a ramukan nan guda: ragin ya koma sau 4.2, gudu ya sauka zuwa juyi 93, ƙarfi ya kusa ninkuwa. Sai dai mai haƙori 8 ita ce mafi rauni a gidan, dole a tokare ta gaba da baya.

Akwai sabon difarensha da ya fito a 2020, mai jar giya, wanda ƙananan giyoyi biyar ke cikinsa maimakon uku, kuma mai haƙori 12 ce take juya shi. Shi kaɗai yana ba da ragin sau 2.33. In an same shi ya fi, don ragin ya koma kusa da taya kamar yadda ake so.

Na Ƙofar Ruwa: Ƙari ɗaya. Difarenshan tsakiya a kulle shi ko a cire. Da difarensha uku a buɗe, taya ɗaya ta ɗaga sama, duk wutar can za ta gudu, sauran ukun su zuba ido. Duk wanda ya taɓa ganin mota ta kafe a yashi, taya ɗaya tana ta wulwulawa, ya san abin.

Ɗan Farm Centre: Salamu alaikum, bari in shigo ta ɓangaren wuta, don nan ne ake ƙona kuɗi. Moton da Injiniya ya lissafa na tsarin Power Functions ne, wanda ya fito a 2007, kuma kamfanin ya daina yin sa, ya koma Powered Up mai aiki da bulutut. Fulogin biyun ba sa shiga juna, a tabbatar da wanne ake saya. Na China masu fulogi irin na tsohon suna nan da yawa.

Rimot ɗin tsohon tsarin irin na talabijin ne, da haske yake magana. A ɗaki lafiya. A fito da shi tsakar gida da rana tsaka a Kano, hasken rana sai ya danne shi, taku biyu ko uku mota ta daina ji. Mai son wasa a waje ya nemi akwati mai bulutut ko mai rediyo, irin su BuWizz da SBrick ko na China masu batir a ciki.

Batir: akwatin yana cin AA guda shida. Alkalin volt 1.5 ne kowanne, 9 ke nan. Masu caji 1.2 ne, 7.2 ke nan, gudu zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar amma suna riƙe ƙarfi har kusan ƙarshe. Masu arhar nan na tocila da rediyo ba sa iya ciyar da L biyu, minti kaɗan sun durƙushe, in an manta da su a ciki kuma su yi ruwa su cinye ƙarfen akwatin.

Babban gargaɗi: akwai batirin litiyam mai lamba 14500, girmansa ɗaya da AA sak, yana shiga akwatin daram, amma volt 3.7 ne. Shida sun haura volt 22. Danna maɓalli ɗaya, risiba (mai karɓar saƙon rimot) da moto sun tafi. Masu ciro 18650 daga tsohon batirin laftof kuma, biyu a jere suna ba da 7.4, in sun cika 8.4, wannan yana cikin iyaka. Uku kuwa in sun cika 12.6 ne, ya wuce. Kuma kada a haɗa su ba tare da ɗan allon kariya ba.

Abban Sadiq: To idan mota tana tafiya ta ɗauke wuta da kanta, bayan ɗan lokaci ta dawo fa? An ce hakan na faruwa.

Ɗan Farm Centre: Kariyar da ke cikin akwatin batir ce take yankewa in an ja wuta fiye da kima, in ta huce ta dawo. Ba lalacewa ba ce, saƙo ne cewa moto yana wahala. Wasu suna buɗewa su tsallake ta da waya, daga nan sai moto ya ƙone a madadinta. A ƙara ragin giya ko a nemo inda ya yi tauri.

Malama Hauwa'u: Ba a taɓa sitiyari ba. Sabo (servo) ake sawa, wato moton da yake juyawa digiri 90 dama, 90 hagu, ya koma tsakiya da kansa. Kafin a zura masa sanda a ba shi wuta ya daidaita a tsakiya, tayoyi su miƙe, sannan a haɗa. In ba haka ba mota za ta riƙa cin gefe har abada.

Giyar da ke kan tsanin sitiyari (miƙaƙƙen nan mai haƙora da ke tura tayoyi dama da hagu) ita ke yanke yawan lanƙwasa. Kwatan zagaye a mai haƙori 12 haƙori uku ne, tsanin ya matsa milimita 9 da ɗan kai. A mai haƙori 8 haƙori biyu ne, milimita 6 da ɗan kai. In tsanin ya kai ƙarshe sabo bai gama juyinsa ba, zai yi ta gurnani yana turawa har ya lalace, to sai a koma mai 8. Kuma a cire sandar da ke zuwa sitiyarin cikin mota da ƙullin da ake murɗawa a rufi, duk kaya ne a wuyansa. Wanda ba shi da sabo ya yi amfani da M, amma ya sa farar giyar nan mai haƙori 24 mai kuloci a ciki, wadda take zamewa in abu ya kai ƙarshe. A sitiyari ko winci take aiki. A hanyar tuƙi za ta yi ta zamewa mota ba ta motsa ba.

Dogo Fagge: Shokazoba fa? Batir shida da moto uku, ai za ta zauna a ƙasa kamar Golf ɗin da ta ɗauko buhunan Dawanau.

Na Ƙofar Ruwa: Yau kam ka yi tambaya mai kyau. Gajeren shokazoba iri biyu ne a yawanci, mai ruwan toka mai laushi da rawaya mai tauri. Mataki na farko a sauya zuwa rawaya, ko a jera biyu a kowace taya. Amma kafin a kashe kuɗi a duba inda ƙafarsa ta zauna a kan hannun taya. In tana kusa da shasi, taya tana da dogon hannu a kansa, tana matse shi cikin sauƙi. A matsar da ita rami ɗaya zuwa wajen taya, taurin da za a samu ya fi yadda ake zato, don riba biyu ce: hannun ya gajarta, sifirin kuma yana matsuwa da yawa a kowane motsi. A kuma tsayar da shi sosai, wanda ya kwanta rabin ƙarfinsa a banza yake tafiya. Daidai shi ne mota ta zauna da kamar kashi ɗaya cikin uku na tafiyar shokazoba, in ka danna ta dawo da kanta. In ka danna ta tsaya a ƙasa, duba fin ɗin hannuwan, wataƙila baƙaƙe ne a inda ya kamata a sa masu santsi.

Akwatin batir kuma ƙasa-ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. A sa shi a but ko a rufi, kwanar farko za ta kife.

Matashi Ɗan Hotoro: Gafara dai manya, tambaya daga gefe. Mai son ya ƙera tasa daga tushe, misali Corolla ko adaidaita sahu, yaya ake fitar da girma?

Injiniya Sharaɗa: Daga taya ake farawa, don ita ce ba ka da ikon sauya girmanta. An rubuta tsayinta a jikinta da milimita, kamar 43.2 ko 62.4 ko 81.6. Ɗauki Corolla mai taya 195/65 R15. Rim inci 15 milimita 381 ne. Gefen taya kashi 65 cikin ɗari na 195, wato 127, sama da ƙasa 254. A haɗe 635. Raba da 62.4, ya ba ka wajen 10.2, ma'aunin motarka ke nan. Yanzu duk wani awo na babbar motar ka raba shi da 10.2, ka sake rabawa da 8, ya ba ka ramuka. Corollar da tsakanin tayar gaba da ta baya yake milimita 2600, sai ya fito tazara 32. Adaidaita ma haka, sai dai ka je da tef ka auna ta a tasha da izinin mai ita, ya fi hoto, don hoto yana ƙarya a tsawo. Manyan nan na kamfani irin Bugatti Chiron ta 2018 mai guda 3599 da Lamborghini Sián ta 2020 duk a ɗaya bisa takwas aka yi su, ba da su ake koyo ba.

In za ka gauraya bulo mai ƙulli da bim: falle uku ne bulo ɗaya, milimita 9.6. Bulo mai rami, falle biyu, sannan wani bulo mai rami, ramukansu sun yi milimita 16 cif, bim zai ɗaure su a tsaye a rami na 1 da na 3. Akwai manhajar Studio ta BrickLink, kyauta ce a kwamfuta, ka gina a can ka ga abin da ya shiga kafin ka sayi ko fin ɗaya.

Dogo Fagge: Na kamfani tsada, da canjin dala na yanzu. Na China ba ya yi ne?

Ɗan Farm Centre: Yana yi, in an san inda za a sa shi. Bodi, fanel, bim, duk babu laifi. Inda ake samun bambanci fin ne da sanda: wani ya yi tsauri har ya tsaga bakin rami, wani ya yi sako-sako. Gwajin sanda: mirgina ta a kan gilashi, in tana tsalle a lanƙwashe take, a mayar da ita wurin da ba ya juyawa. Giya, kuros da ƙananan giyoyin difarensha kuwa a sa mafi kyawun da aka samu. Na asali akwai sunan kamfani da 'yar lamba a jikinsu, da fitilar waya ake gani, wannan yana taimako in ana tsince a kayan gwanjo.

Malama Hauwa'u: Na gwanjo a wanke kafin a haɗa, yashi a cikin rami ma yana kawo tauri. Ruwa mai ɗumi da bai wuce digiri 40 ba, ɗan sabulun wanke-wanke, tsohon burushin haƙori, a shanya a inuwa. Banda moto da shokazoba. Kuma a watan Afrilu kada a bar ta a cikin mota a rufe ko a bakin taga: farare su koma ruwan ɗorawa, dogayen bim su lanƙwashe, taya ta yi danƙo. In za a ajiye ta da daɗewa a cire batir, a sa ɗan bulo a ƙarƙashin shasi tayoyi su ɗaga, don kada sifirin ya saki, taya kuma ta yi gefe ɗaya.

Abban Sadiq: An raba ta biyu kamar yadda Malama ta ce, laifin yana ɓangaren inji. Shuɗin fin ne a ƙarƙashin wata giya mai haƙori 16, sannan bushin biyu sun matse sandar fistin. An sauya, yanzu ko a giya ta ɗaya shiru take tafiya. L biyu da sabo za a nema. Sai dai wurin da giyabos zai bari faɗinsa rami bakwai ne kawai, moto biyun za su shiga kuwa?

Injiniya Sharaɗa: L faɗinsa rami uku ne ta ɗaya gefen, huɗu ta ɗayan. Jera su ta siraran gefen, ka bar rami ɗaya a tsakani, bakwai ke nan cif, farfela ta bi ta wannan ramin na tsakiya. Daga bakin kowane moto zuwa farfela tazara biyu ce, don haka mai 12 a kan kowannensu, mai 20 guda ɗaya a tsakiya su cije ta dama da hagu. Tunda fuska ɗaya suke kallo, waje ɗaya za su juya, ba sai an juya wa ɗaya wuta ba. Ka ɗaura bim a gaban giyoyin uku kafin ka gwada, kuma gwajin farko tayoyi a sama.